Takardar Dala Goma ta Bankin Kelvik

Laraba, 5 ga Oktoba, da yamma

Jaridar wannan makon ta ƙare tas. Tun da na karɓi aikin fitar da ita a Kelvik ban taɓa ganin an kwashe ta kafin rana ta raba ba, ko a makon da rumbun hatsin gari ya kama wuta. Darla, wadda ke karɓar tallace-tallace tana kuma shirya shafuka, ta ce mu sa maɗaba'a ta ƙaro mana. Na ce a'a. Ta tambayi dalili, na ce kuɗin takarda.

Hoton ya fito yadda nake so. Takardar dala goma ce mai shekara ɗari da ɗoriya, da jan hatimi a gefe, sunan garinmu da manyan baƙaƙe a tsakiya, a sama kuma Bankin Ƙasa na Farko na Kelvik. A ƙasa akwai sa hannu biyu da alƙalami, na shugaban banki da na ma'aji. Kanun labarin: ƊAYA TILO A DUNIYA.

Ban sa sunan kowa ba. "Wani manomi da ke yamma da gari" na rubuta. Manoman da suka rage yamma da gari ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya ne kaɗai yake auren jikar ma'ajin bankin.

Yaya Orrin bai kira ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da safe

Bari in tsara abin yadda ya zo, kamar yadda zan sa sabon ɗan rahoto ya yi.

A watan jiya Yaya yana kwashe kayan ɗinkin matarsa Verna, tunda an kai ta gidan kula da tsofaffi da ke babban garin gunduma kuma ba za ta ƙara ɗinki ba. A ƙasan akwatin maɓallai ya sami takardar cikin tsohon ambulan. Ya kai ta wurin wani Lyle Dancik, dillalin da ke karɓar wa wani kamfanin gwanjo tsofaffin kuɗi. Dancik ya gaya masa cewa a wancan zamanin dubban ƙananan bankuna sun fitar da kuɗi da sunan garuruwansu, kuma masu tara su ba tsufa suke saye ba, ba kyau ba, ƙaranci suke saye. Suna da ƙidayar kowace takarda da aka taɓa gani daga kowane banki. A gaban sunan Kelvik babu komai. Ya ce za ta iya kai dala dubu arba'in a gwanjon tsakiyar Nuwamba.

Gidan da Verna take yana cin abin da gonar ba ta bayarwa. In ba takardar ba, sai eka tamanin na bakin rafi, inda Baba ya dasa layin bishiyoyi don tare iska.

Yaya ya nuna mini ita a teburin kicin ɗinsa. Ya bar ni na ɗauki hoto saboda na ce na iyali ne. Yana mayar da ita cikin ambulan ya ce, "Wannan ba na jarida ba ne, Edita. Sai bayan gwanjo."

Ana sa ran ruwa ranar Asabar. Masu waken suya suna ta sauri.

Alhamis, da yamma

Abin da ban rubuta da safe ba: da Yaya ya ce ba na jarida ba ne, na ce masa to.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da rana

Hukumar makaranta ta ɗage zamanta ranar Litinin, shafin farko ya zauna da rami, ga mai ɗaukar shafuka zuwa maɗaba'a yana jira. Wannan dalili ɗaya na buga labarin. Na biyu, duk abin da aka yi wa shela farashinsa tashi yake yi, kowane mai talla ya san haka. Na uku, tarihin gari ne, ba na mutum ɗaya ba.

Duka ukun dalilai ne masu kyau. Na sha jin irinsu daga bakin mutanen da na buga sunansu.

Bai kira ba.

Asabar, 8 ga Oktoba, da yamma

Na je ganin Verna. Na sami akori-kurar Yaya a wurin ajiye motoci, na daɗe zaune a tawa kafin in shiga.

Verna ta rame. Ta kira ni da sunan Mama, ta tambaye ni ko na rufe kaji. Na ce na rufe. Yaya yana ba ta miya da cokali, yana goge mata haɓa da gefen yatsa kamar yadda ya riƙa yi wa 'yan maruƙa. Ya yi mini maganar wake, wai bai bushe sosai ba amma zai girbe haka nan. Ya yi maganar gwiwarsa. Ya tambayi ko an gyara mini tukunyar ɗumama gida.

A bakin ƙofa, yana sa hula, ya ce, "Na ga hoton. Ya fito ras."

Shi ke nan. Da ya zage ni da na san abin da zan yi da hannuwana.

Litinin, 10 ga Oktoba, da yamma

Gari ya haukace. Kowa ya hau rufin ɗakinsa yana zazzage akwatuna. Tun safe ake shigowa ofis da kwalabe da safa cike da tsabar kuɗi, kamar har yanzu banki ne a ginin nan ba jarida ba. Wani ya kawo takardar dala biyu ta shekarun saba'in, ya ce in ba shi dubu biyar ya bar mini. Wata ta kawo kuɗin wasan yara. Mai aski ya kawo kuɗin da mahaifinsa ya dawo da shi daga yaƙi, ya ce na sarkin Norway ne, alhali rubutun Faransanci ne a jiki. Darla ta ce masa, "Wannan ko askin gemu ba zai biya ba, kai ma ka sani." Ya ce ai gemunta ba zai aske ba ko da dala ɗari. Suka yi ta yi.

Na yi dariya yau, karo na farko tun Laraba. Babu wanda ya kawo komai mai sunan Kelvik. Na fara tunanin watakila dalilina na biyu gaskiya ne.

Laraba, 12 ga Oktoba, da safe

Sabuwar jarida ta fita. Hukumar makaranta a shafin farko. Lafiya lau.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da yamma

Gwaggo Ione Rustad ta zo da hantsi.

Ta kusa shekara casa'in, ita ta koya mini karatu a aji ɗaya, har yau kuma tana aiko mini da jaridata da jan biro a kan kurakurai. Kakanta ne shugaban bankin, ɗaya sa hannun da ke kan takardar. Na san wannan. Na rubuta sunansa da kaina a sakin layi na huɗu. Ban yi tunanin in buga mata waya ba kafin in buga labarin, ni da nake buga waya sau biyu don tabbatar da sunan wanda ya ci gasar kabewa.

Ta ajiye gwangwanin biskit na Kirsimeti a kan kanta, ta cire safar hannu a hankali, ta buɗe.

"Kin ce tilo, 'yata. To ga 'yan'uwanta."

Ban ƙirga ba. Sun haura ashirin. Wasu ma ba a yanka su ba, suna nan huɗu-huɗu a jikin falle ɗaya yadda aka aiko wa banki, ba ninki, ba datti, jan hatimin kamar jiya aka buga. Ta ce kakanta ya ajiye su ne tun daga bugun farko, da bankin ya rufe a shekarun yunwar kuɗi kuma kunya ta hana shi kashe su, tunda maƙwabtansa sun rasa ajiyarsu. Gwangwanin ya bi ta gida uku. Ta manta da shi sam, sai da ta ga hotona.

Gyara take so a buga, a shafi na biyu, kamar yadda na saba.

Darla ta fita sayo gahawa. Muka rage mu biyu.

Ba zan rubuta yadda na faɗe shi ba. Na yi magana a kan tsakiyar Nuwamba. Na yi magana a kan Verna. Na ce gwangwanin da ya jira shekara tamanin ba zai lalace ba don ya ƙara wata guda a cikin kabad.

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon aji ɗaya.

"Marlys, ke ce kike cewa in ɓoye labari?"

Na ce jinkiri ne, ba ɓoyewa ba. Ta ce ta san bambancin kalmomin, ita ta koya mini su. Sannan murya ta sauka, ta ce da ta san na Orrin ne abin ya shafa haka da ta zo wurina tukuna, amma jiya ta zaga da gwangwanin a taron matan ɗinki na coci, kowa ta taɓa, kuma jikarta da ke birni ta ɗauki hotuna ta aika wa masu gwanjo tun ranar Talata don a gaya musu darajarsu.

Ta mayar da murfin. Ta ce, "Ba zan gaya wa kowa kin roƙe ni ba." Na yi mata godiya. Na yi mata godiya, wannan ma in rubuta.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da safe

Ban iya karyawa ba.

Juma'a, da rana

Dancik ya kira ofis. Mutum ne mai sanyin murya, bai ɗaga ta ba. Hotunan Gwaggo Ione sun iso teburinsa.

Ya ce shi bai taɓa cewa tilo ba. Ita kaɗai aka sani, haka ya ce wa Orrin, haka kuma ake faɗa a sana'arsu, domin kowannensu ya san akwai gwangwanaye a duniya. Ya ce mai sayen irin wannan takarda ya san caca yake yi da rufin ɗakunan mutane, kuma da an sayar kafin gwangwanin ya fito, ciniki ne halal, tunda babu wanda ya sani. Watakila ya fito bayan shekara goma, watakila magada su kai shi banki su karɓi canji. Shi ya sa suke gaya wa kowane mai kaya ya yi shiru a garinsu har gudumar gwanjo ta faɗi. Yanzu da ya sani, dole ya rubuta a littafin gwanjo. Ta Orrin ce mafi tsufa a ido cikinsu, mai ninki huɗu da tabon tsatsa. Dala dubu ɗaya, in an yi sa'a da ɗari biyar.

Na buɗe baki zan yi masa roƙon da na yi wa Gwaggo Ione. Ya riga ni, ya ce, "Ko ke za ki gaya masa, ko ni?" Na ce ni.

Kanun da na fara rubutawa ranar Litinin ɗin da na shirya labarin farko shi ne "Ita kaɗai aka sani zuwa yanzu". Bai shiga faɗin ginshiƙi huɗu na shafin ba. Na rage shi. Aikin da na fi iyawa kenan, ragewa.

Asabar, 15 ga Oktoba, da yamma

Na tuƙa har akwatin wasiƙun Yaya a bakin titi. Yana can cikin gonar wake a kan injin girbi, yana kai da komo. Na tsaya ina kallonsa ya kai ƙarshen layi ya juyo. Na ce bari ya gama wannan layin. Ya gama. Na ce bari ya gama na gaba.

Na dawo gida.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Litinin, 17 ga Oktoba, da rana

Dancik ya kira Yaya da safe, yana zaton na riga na gaya masa. Ya kira ni daga baya ya ba ni haƙuri. Shi ya ba ni haƙuri.

Na tambayi abin da Yaya ya ce. Wai ya ce a maido masa da takardar ta gidan waya, zai biya kuɗin aikawa.

Talata, 18 ga Oktoba, da yamma

Darla ta ce gyara a shafi na biyu bai isa ba, labari ne, kuma in ba mu buga ba jaridar gunduma za ta buga. Gaskiyarta. Na aike ta ta ɗauko hoton Gwaggo Ione riƙe da gwangwani. Na rubuta labarin cikin rabin sa'a, babu kuskure ko ɗaya, kowane adadi na tabbatar da shi sau biyu. Ya fi na farkon kyau.

Gyaran na rubuta shi sau bakwai. Wanda ya shiga shi ne: "A fitowarmu ta 5 ga wata mun ce takardar ɗaya ce tilo. Ba haka ba ne. Muna ba masu karatu haƙuri."

Darla ta karanta a kan allo, ta ce, "Masu karatu?" Na ce ta tura shafin.

Laraba, 19 ga Oktoba

Jaridar wannan makon ma ta ƙare.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Na je bankin gunduma in ji abin da za su ba ni a kan ginin jarida. Jami'in bashin ɗan wata ƙawata ne, na buga hoton haihuwarsa. Ya yi ta juya biro. Ya ce gini ne mai tarihi, dutsen gaban ma abin kallo ne, amma rufin yana yoyo, kuma babu wanda ya sayi gini a babban titin Kelvik tun kafin ya fara aiki. Ita jaridar kanta bai ma ambace ta ba, ladabi ya hana shi. Abin da ya ce zai iya bai kai kuɗin wata biyu na Verna ba.

Na ce ya shirya takardun duk da haka.

A hanyar dawowa na ga iska ta yi wa bishiyoyin Baba kaca-kaca, ganye duk ya zube. Daga titi ana hango rafin ta tsakaninsu.

Lahadi, 23 ga Oktoba, da rana

Na je coci. Yaya ya zauna a bencinmu, gefen bango, ya bar mini wurina. Mun riƙe littafin waƙa ɗaya kamar kullum saboda ya manta tabarau. Wajen shan gahawa mata suka yi ta jan Gwaggo Ione wai ta zama attajira, ta saya wa coci sabon rufi. Ta ce attajirar da kowace takarda tata ta karya farashin 'yar'uwarta, ku bar ni in sha gahawata. Ba ta dube ni ba. Ta ƙetaro ɗakin da sandarta ta kama hannun Yaya ta riƙe.

Babu wanda ya yi mini maganar. Duk suna da kirki. Na ji kirkin a fata kamar sanyi.

Laraba, 26 ga Oktoba, da safe

Na buga sakamakon ƙwallon makaranta da mutuwa biyu. Ba a aiko mini da jan biro ba wannan makon. Ban san ko don babu kuskure ba ne.

Asabar, 29 ga Oktoba, da yamma

Na yi lefse, siririn burodin dankali irin na gidanmu. Na dafa dankali tun jiya, na murza shi siriri yadda Mama take yi, na naɗe a tawul na kai wa Yaya. A kicin ɗin akwai gwangwanayen miya a jere a bakin famfo, an wanke su an kife. Ambulan ɗin gidan waya yana kan firiji, an buɗe.

Ya shafa man shanu, ya barbaɗa sukari, ya ci ɗaya a tsaye. Ya ce ya yi kauri a gefe. Na ajiye takardun banki a tebur na yi masa bayani. Ya karanta har ƙarshe, ya tura mini su da yatsa ɗaya. Ya ce ba zai ci rufin ƙanwarsa ba, balle rufin da ke yoyo.

Na fara abin da na shirya faɗa tun a mota. Ya ɗaga hannu.

"Bari. Na san kin yi nadama, a fuskarki yake tun daga coci."

Ya zauna. Ya daɗe yana kallon taga.

"Kin yi lissafi, ko? Ke mai lissafi ce. Dubu arba'in, a gidan da Verna take, wata nawa ne?"

Na ce shida, ko bakwai.

"To wa zai ƙi sayar da gona saboda wata bakwai? Ba ki tambayi kanki ba?"

Na tambaya. Tun a watan jiya na tambaya, na kuma ajiye amsar inda ba zan gan ta ba.

"Likita ya ce zuwa bazara," ya ce. "Na zauna a kujerar nan da fensir, na auna kwanan matata da takardar kakanta, na ga sun yi daidai. Har daɗi na ji, Marlys. Na ce babu wanda zai taɓa sani. Da an yi gwanjo, da na biya, da na binne ta, da na shuka alkama a bakin rafi, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Ya naɗe sauran lefse ɗin cikin tawul da kyau, kusurwa kan kusurwa.

"Gonar, gona ce. Wannan ne ban yafe miki ba tukuna, da kika sa na faɗa."

Ya raka ni har mota saboda karensa. Ya ce tayata ta baya ta yi laushi.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Tukuna, ya ce. Na yi ta juya kalmar kamar zan sa ta a kanun labari.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, da rana

Dusar ƙanƙara ta farko, kaɗan, ta narke kafin rana ta yi tsaka. Na je wurin Verna ranar da na san Yaya ba ya zuwa. Tana cikin hayyacinta na ɗan lokaci, ta gane ni, ta ce gashina yana bukatar almakashi. Ta tambaya ko Orrin yana cin abinci. Na ce yana ci. Ta ce ƙarya nake yi, na gaji hancin Baba, yana ja in na yi ƙarya. Daga nan ta koma maganar kaji.

Ta ci abincinta duka. Mai jinyar ta ce ta ƙara nauyi a makon nan. Na ji abin da zuciyata ta fara lissafawa, na fita waje na tsaya a cikin sanyi.

Talata, 8 ga Nuwamba

An fara farautar barewa, rabin gari ba ya nan. Mai aski ya ce an ga mai awon filaye a bakin rafi.

Litinin, 14 ga Nuwamba, da yamma

Yaya ya zo ofis da safe. Rabonsa da shigowa nan tun rasuwar Mama, lokacin da ya kawo sanarwar jana'iza. Darla ta gan shi ta taga, ta tuna tana da aiki a ɗakin ajiya.

Ya sa rigarsa ta coci. Ya fito da takarda daga aljihu, rubutun hannunsa da manyan baƙaƙe: eka tamanin, ƙasar noma da makiyaya, da ruwa, da layin bishiyoyi, za a karɓi tayi a rufe har ƙarshen wata. Na ce akwai jaridar gunduma, ta fi tawa yawo. Ya ce ya sani.

"Amma taki kowa na karantawa. Ai mun gani."

Na ce ba zan karɓi kuɗi ba. Ya ce to zai kai gunduma. Na faɗi farashi, ya rubuta cek, ya tsaya sai da na ba shi rasit. Na tambaye shi wane shafi, domin tambayar da nake yi wa kowa ce, bakina ya yi ta da kansa.

"Na farko," ya ce. "Inda ake gani."

Ba na sa talla a shafin farko. Bai taɓa faruwa ba, shi ma ya sani. Na ce to.

Ya kai ƙofa ya tsaya, hannu a kan mariƙi, bai juyo ba. Ya ce ranar Alhamis ta bikin godiya na shekara-shekara za a dafa musu talotalo a gidan su Verna, kuma ana barin kowane mara lafiya ya gayyaci mutum biyu. Ya ce shi ba ya son tuƙi in duhu ya yi. Na ce zan zo in ɗauke shi. Ya ce in duba tayar tukuna.

Talata, 15 ga Nuwamba, da yamma

Na shirya shafin da kaina. Ya rubuta "makiyaya" ba daidai ba, na gyara. Sauran na bar masa yadda yake, har da "layin bishiyoyi", ko da yake babu mai saye da zai biya ko sisi saboda su, kuma duk wanda ya saya zai tumɓuke su ne don injinsa ya sami wurin juyawa.

Yau ne da za a yi gwanjon.

Laraba, 16 ga Nuwamba, da rana

Jarida ta fita. Tallan yana sama, gefen dama, cikin baƙin layi.

Ya manta bai sa lambar waya ba, ni ma na karanta shi sau uku ban lura ba. Don haka nan suke kira. Tun safe wayar ofis ba ta huta ba: maƙwabcinsa na arewa, wani kamfanin noma daga birni, wani lauya da ya ƙi faɗin wanda ya aiko shi. Darla ta ce in bar mata, na ce a'a.

Kowanne na gaishe shi, na ce eh, gonar Orrin Brekke ce, eh, har da rafin. Sannan na karanta masa lambar gidanmu na gado, inda Yaya yake, a hankali, na jira ya rubuta, na sake maimaitawa don kada a sami kuskure.